Ɗanyar Hanta a Umbadda

Muna idar da sallar asuba muka nufi filin jirgin Kano, ni da wani abokin aiki da ya biyo ni yawon buɗe ido. Na daɗe a jami'a ina binciken tarihin yadda likitoci ke duba gawa su gano ko kisa ne ko ajali. Babi ɗaya ya rage a littafin da ƙarin girmana ya rataya a kansa, kuma babin yana bakin wani tsoho a Omdurman, tsallaken kogi daga Khartum.

Khartum ta tarbe mu da zafi mai gasa ƙeya. Kowace inuwa da mai shayinta, mace, ta jera kujeru. Washegari muka haye gadar Nilu a ƙaramar bas, muka tsaya abokina ya narki wake da burodi. A Umbadda, unguwar tsohon, mai raksha, wato Keke Napep ɗinsu, yana jin Larabcina na littafi ya ninka kuɗin.

Tsohon nan jikan Kanawa ne da suka nufi Makka a ƙasa, suka yada zango a nan. Rabin rayuwarsa a ɗakin gawa ya yi, yana miƙa wa likitoci wuƙa. Ina fito da rikoda ya ce in mayar.

"Ya Duktur, ba a tambaya da yunwa. Tafaddal, bisimilla."

Ashe rago ya yanka mini. Aka dire faranti: ɗanyar hanta da huhu, da albasa, barkono da lemon tsami. Marara suke ce mata, abincin girmama baƙo. Ni kuwa ko ranar layya ɗaki nake shigewa. Abokina, ba kunya, ya ce azumi yake.

Na ce, "Baba, ba a ɗan nuna mata wuta?"

Ya ɗaga hantar ya juya ta a haske. "Da kaina na duba ta. Kwayyis, lafiyarta ƙalau, ba ciwo, ba guba. Amma wanda ya kasa kallon hantar rago, me zan gaya masa kan ta mutum?"

Wallahi na ji kunya. Na yi bisimilla, na runtse ido, na haɗiye. Ya ƙara mini. Daga nan bakinsa ya buɗe, bai rufe ba sai la'asar.

Na dawo Kano da cikakken babi da murɗawar ciki. Na kuma gane cewa shekara da shekaru ina rubutu a kan abin da ban taɓa yarda na kalla ba. A shafin godiya, bayan sunan Baba, sai na sa ragon.