Ɓerayen da Oga Ya Warkar

Har gobe ban manta da ranar da aka kawo mana fararen ɓeraye a kan iyakar Jibiya ba. Lokacin ina ƙaramin malamin dabbobi. Aikinmu shi ne duba duk dabbar da za ta shigo daga Nijar: mai lafiya ta wuce, marar lafiya a killace ta. Shugabanmu, Oga Lawal, mutum ne mai ji da kansa. Da ya ga akuya ta sunkuyar da kai, ya riga ya zaro sirinji.

Da hantsi wata ɗalibar jami'a daga Maraɗi, Malama Rakiya, ta sauko daga mota da keji biyu. Ɓerayen keji ɗaya suna ta zirga-zirga. Na ɗayan kuwa sun cure a kusurwa, gashi a tashe, ba sa ko kallon abinci.

Ta yi mana bayani tiryan-tiryan. Idan cuta ta shiga jiki, garkuwar jiki tana sakin wasu sinadarai da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa, su ne ke sa dabba ta ƙi ci, ta ɓuya, ta riƙa fargaba. Irin wannan sinadari ta yi wa ɓerayen allurarsa da safe, babu ƙwayar cuta a jikinsu. Za ta kai su ɗakin gwaje-gwaje a Katsina a auna tsoronsu kafin allurar ta sake su. Da sakamakon za ta kammala digirinta, kuma ba ta da wasu ɓerayen.

Oga yana ta gyaɗa kai. Ni da na san shi, na san ko kalma ɗaya ba ta shiga ba, jira kawai yake ta yi shiru.

"Tahi wurin kwastan ki gama da su, ɗiyata," in ji shi. "Bar mani su nan."

Ni kuma ya tura ni duba wata motar shanu. Rana ce ta cunkoso, daga ni har ita muka daɗe. Da na dawo, sai na tarar ɓerayen da suka cure sun miƙe suna gwaguyar dusa. Ashe maganin zazzaɓi da kumburi da muke ba awaki ya ɗiga musu a baki, ɗaya bayan ɗaya. Yana zaune yana kaɗa ƙafa.

Malama Rakiya ta leƙa kejin. "Likita, mi ka yi masu?"

"Na warkar maki da su. Dabba ba ta wuce gabana da ciwo."

"Ai ciwon shi ne aikin nawa!"

"To ki gode Allah da kika haɗu da wanda ya san aiki."

Ta zauna a kan benci, ta rufe fuska da gyale. Na ji takaici har wuya, amma ƙaramin ma'aikaci ba ya gyara wa oga a gaban baƙo.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, abin da na koya ke nan: a cikinmu akwai waɗanda hannunsu ya fi kunnensu sauri, kuma su ne ke samun ƙarin girma. Malama Rakiya ta juya Maraɗi da ɓerayenta lafiyayyu, ta rasa shekarar karatunta. Oga kuwa, har ya yi ritaya yana ba baƙi labarin ranar da ya ceci ɓerayen jami'a.