Mai Tsani da Na'urorin da Aka Koya wa Barci

"Wai ta ce sai ta koya musu barci."

"Su wa?"

"'Yan na'urorin nan na saman sito."

"To, Allah ya sa kar su yi mana minshari."

Masu dako ne ke wannan hira a bakin ƙofa, Mai Tsani yana jin su yana goge matakalarsa.

Da can agogo yake gyarawa. Da ido ya fara gardama sai ya samu aiki a wannan sito na magunguna, yau shekara goma sha ɗaya. Na'urori arba'in ke maƙale a ƙarafan rufi, suna auna zafi da laima, kowace ta miƙa wa ta kusa da ita labari har ya isa kwamfutar ofis. Batirinsu ba ya wuce mako uku. Shi ke hawa ya canza, ya rubuta kwanan wata da alli a jikin ƙarfe. Matarsa kan ce ya fi sanin lafiyar na'urorin nan da ta gwiwarsa.

Sai aka kawo Injiniya, sa'ar 'yarsa ta biyu. Dabararta ita ce kowace na'ura ta farka bayan minti goma, ta auna, ta aika, ta koma barci. In abin ya yi, batiri zai shekara. Mai Tsani ya fahimci makomar aikinsa ba sai an faɗa masa ba.

Ranar farko ta taka tsanin, ya ce, "Sauko, 'yata. Da wannan takalmin?"

Bayan wata guda, na'urori shida suka mutu. Ta kwana uku tana hararar kwamfuta, shayinta na hucewa. Shi kuwa ya san dalili. Ya kai bakin ofis sau biyu yana juyawa. A na uku ya yi sallama.

"Zo ki ga wani abu."

Ya nuna mata ƙarafan kusa da ofis, fari fat da alli, na can ƙurya kuwa rubutu jefi-jefi.

"Waɗannan su ne 'yan aiken gida. Kowa ta kansu yake bi. Kin ce su yi barci, maƙwabta na ta buga musu ƙofa."

Ta dafe kai. "Baba! Shi ne ka bar ni kwana uku?"

"Ai ba ki tambaya ba."

Ta raba musu aiken, yau wannan, gobe waccan. Wata biyu ba wadda ta mutu. Mai Tsani na zuwa bakwai saura kwata kamar kullum, ya goge tsani, ya jingine shi, ya zauna.

Ranar da za ta kai wa manaja rahoto, ya tare ta a baranda, ya kasa haɗa ido da ita.

"'Yata, in kin shiga, don Allah ki ce masa ko mai barci yana son mai leƙa shi."