Ɗakin da Ban Zana Ba

Shekarar da na gama jami'a aka tura ni hidimar ƙasa wani ofis da ke wajen Oforikrom, inda ake zana taswirar unguwanni. Ni kaɗai ne ɗan Zongo a cikin ma'aikatan, saboda haka da aka zo kan unguwarmu sai aka miƙa mini. Ban nema ba, ban kuma iya cewa a'a ba.

Duk aikin fayil guda yake shiga, wanda ake kira jiyodatabes. In ka leƙa cikinsa haka nan, ba ka ganin komai sai tarin ƙananan fayiloli masu lambobi. Sai an buɗe shi da manhajar taswira yake nuna abin da ya ƙunsa. Gidaje suna da nasu hawan, lunguna nasu, gota ita ma nata, wato kwatar da ke kwashe ruwan unguwa. Duk ɗakin da na zana yana samun layi a teburin bayanai: lamba, mai zama, mutum nawa ne a ciki. Fayil ɗin kuma yana da dokokinsa. Ɗaya ita ce gini ba ya hawa kan gota. In ya hau, wurin ya yi ja a allo, ya faɗa jerin kurakuran da shugabanmu yake dubawa.

Ɗakin Gwaggo, yayar mahaifina, a kan gota yake. Da mijinta ya rasu ta dawo gida ba ta sami wuri ba, sai maƙwabta suka zuba siminti a kan gotar bayan gidanmu suka ɗora mata ɗaki. Tun ina ƙarami nan na san ta, tana sayar da koko da ƙosai a bakin ƙofa.

Ranar da na zo da abin awo, ta dube ni daga sama har ƙasa.

“Karachi, yau kuma me za a auna?” Haka take kirana tun da na shiga jami'a, sunan da ake yi wa masu aikin biro.

“Ɗakinki, Gwaggo.”

“Ciwo yake yi? Kai, kada ka sa ni cikin injin gwamnati. Duk wanda ya zo da littafi, sai in gudu kasuwar Kejetia. Haka muka zauna lafiya har ka yi gemu, in ma gemu ne wannan.”

Masu sayen koko suka yi dariya. Na auna duk da haka, na rubuta a ɗan littafina.

A ofis na zana shi, nan take ya yi ja. Akwai yadda ake gaya wa fayil cewa an san da wannan, a bar shi, amma sai ka rubuta dalili, shugaba ya karanta. Dalilin kuwa guda ne: an yi gini a kan gota. Na yini ina kallon jan nan. Ina ganin abin da na ji tsoro shi ne in zama wanda ya nuna ta da yatsa. Wataƙila kuma, ba zan rantse ba, na ji tsoron a ce ɗan Zongo ya kawo aiki mai kuskure. A wurinmu rufa wa mutum asiri daga hukuma ba laifi ba ne, tarbiyya ce. Na goge ɗakin. Jerin kurakurai ya koma fanko, shugaba ya yaba mini a gaban kowa.

Hidima ta ƙare, ba a riƙe ni ba. Na sami koyarwa a wata ƙaramar makaranta a Sofoline, na kusa mantawa.

Sai bana aka ce za a faɗaɗa gotar. Wasu mutane suka zo da jan fenti da taswira a hannu, na gane zanena tun daga nesa. Duk ɗakin da ke bakin gota suka rubuta masa lamba a ƙofa. Aka ce masu lamba za a nema musu wurin komawa kafin a rushe. Ko gaskiya ne, ban sani ba tukuna. Suka wuce ƙofar Gwaggo ba su ko tsaya ba.

Washegari ta raba koko sadaka. “Kun ga amfanin sa yaro boko? Ƙofar kowa ta yi ja, tawa fes. Sha, karachi, Allah ya yi maka albarka.” Na karɓa na sha. Ban faɗa mata cewa a taswirar nan wurin da take zaune ruwa ne kawai ba.

Na koma ofis da littafina. Wani ne a kujerata, mutum mai kirki, ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce an riga an miƙa fayil ga masu aikin gotar, na wurinsu a kulle yake, karantawa kawai ake yi. Ko da za a buɗe, sai an kawo shaidar cewa ɗakin ya riga zanen. Muka duba hoton sama tare. Rufin kwanon Zongo duk a haɗe yake, tsatsa iri ɗaya, ba ka gane inda gidanmu ya ƙare nata ya fara. Sai ya nuna mini gefen teburin bayanai a allo, inda fayil yake ajiye sunan wanda ya zana kowane layi.

“Massa,” in ji shi, wato maigida, “ai kai ne ka yi wannan yankin. Kai ka ce ka gama.”

Na rubuta wasiƙa, na faɗi cewa da gangan na cire shi. Na gyara ta sau da yawa, ina tsoron ta yi ƙarfi, ina tsoron ta yi sanyi. Aka buga mata hatimi aka ce in jira. Na koma sau uku, in ban manta ba.

Na gaya wa Gwaggo ranar wata Asabar da safe, bayan masu saye sun ragu. Ba ta daina juya ƙosai ba.

“To da ka sa ni fa?”

“Wataƙila da an ba ki lamba. Wataƙila kuma da tun lokacin an zo an rushe. Ban sani ba, Gwaggo.”

“Kai kullum ba ka sani ba.” Ta kwashe ƙosan ta zuba a matsami. “Je ka sayo jan fenti ka rubuta mini. Ai hannunka ya fi nasu kyau.”

Na ce lambar da ba ta da layi a fayil ba ta nufin komai. Ta ce ta ji, in sayo dai.

Na sayo, na rubuta wata lamba da ta bi ta maƙwabcinta. Motar rusau ta fara daga saman unguwa, yanzu saura lungu biyu. Gwaggo ta kai manyan tukwanenta ɗakin mahaifiyata, ta ce wai wankewa za ta yi, can ya fi fili.