Hantar da Kaka ke kai wa Baffa Haruna

Shekarar da Babanmu ya rasu, Inna ta kwashe mu, ni da ƙannena biyu, muka koma gidan mahaifiyarta a Gummi. Kaka Hajo ungozoma ce, gajeriya, ba ta da yawan magana da rana. Amma da an sallame magariba sai ta jawo 'yar kujerarta gaban murhu, ta tura kara a wuta, mu kuma mu zagaye ta muna jiran tuwo ya sulala. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke buɗewa. Cewa take, "Ga wata nan tahe, wa ka tarbonta?" Mu ce mu ne.

Babanmu ya bar mana fadama a bakin gulbi. Wansa, Baffa Haruna, ya ce zai riƙe mana har mu girma, daga nan ko tiyar shinkafa ba mu sake gani ba. A gefen fadamar akwai 'yan kunyoyi na wata jar saiwa da Baba ya samo irinta wajen abokinsa a Jos. Sai da na shiga sakandare na ji ana ce mata bitirut. Mu dai jan dankali muke cewa. Baffa ya haɗa har da shi ya kwashe.

A lokacin ne Kaka ta fara yi mana tatsuniyar Ci-Duka, wani ƙato da ya ƙwace gonar marayu. Wai marayun suna da wata tsohuwa wadda ba ta kai ƙara ba, ba ta kuma yi zagi ba. Kullum sai ta soya hanta da ƙoda, ta rufe da faifai mai kyau, ta kai masa tana durƙusawa. Ci-Duka yana ci yana lasar hannu, babban ɗan yatsansa na ƙafa yana kumbura. Ya kai kamar albasa, ya kai kamar kabewa, har ya toshe ƙofar ɗakin, ƙato ya kasa fita ya ga gonar da ya ƙwata. In ta zo nan sai Kaka ta sassauta murya, hasken wuta yana wasa a fuskarta.

"Shina kuka shina ci, ɗiyana. Shina ci shina kuka."

Mu yi ta dariya. Inna kuwa ba ta taɓa yin dariya ba. Tana tuƙin tuwo take cewa, "Iya, ki ji tsoron Allah." Kaka ta ce, "Tatsuniya ta, mi nic ce?"

Wata rana da hantsi sai ga Baffa Haruna a kan babur, an goyo shi, ƙafarsa ta dama ba takalmi. Babban ɗan yatsan ya yi jajir yana sheƙi, ko iska ba ya so ta taɓa shi. Ya zauna a zaure ya ce a kira masa Iya, tunda kowa ya san ta da sanin itatuwa.

"Iya, tun da na ci jan abin nan na marigayi ban sake lafiya ba. Har fitsarina ya koma jini. Ga ƙafa kin gani."

Kaka ta duba ƙafar, ta daɗe tana kallo. "Abin marayu na, Malam Haruna. Ja kac ci, ja ka hita."

"To me zan ci in samu ƙarfi?"

"Babba kamarka? Bar mani wagga hidima."

Ta sayar da akuyarta. Duk ranar kasuwa sai ta aika wajen mahauta a yanko mata hanta da ƙoda da tumbi, ta soya da man shanu, ta saka lulluɓi ta kai masa da kanta. A wajenmu hanta rabon babban gida ce, kuma ba a mayar da kwanon tsohuwa da abinci a ciki. Mutanen unguwa suka yi ta yaba mata, wai dubi yadda take rama mugunta da alheri. Baffa ya kwanta ya tashi, ya sake kwanciya. Rani ya wuce bai taka fadamar ba. Kafin damina ta faɗi ya kira liman da dattawa biyu, ya ce a shaida ya mayar wa 'ya'yan ƙanensa abinsu, ko marigayi ya sakar masa ƙafa. Daga ranar Kaka ba ta sake kai kwano ba. Ƙafar ta lafa, shi kuwa har ya koma ga Allah bai yarda a shigo masa da jan dankali gida ba.

Ban haɗa tatsuniyar da abin da idona ya gani ba sai da na yi aure na haihu uku. Irin ciwon nan ya kama maigidana, muka je asibiti a Gusau. Likita ya ce gawut ne, ya hana shi kayan ciki da yawan jan nama. Na tambaye shi bitirut fa. Ya ce babu laifi a ci daidai misali, sai dai mai tsakuwar ƙoda ya yi hattara, jan fitsarin kuma launin abin ne kawai, ba jini ba.

Da muka dawo na tambayi Inna. Ta ce irin ciwon ne ya wahalar da mahaifinta, mijin Kaka, kuma Kaka da kanta ta lura duk bayan Layya yake tashi, har ta hana shi hanta.

Ashe Kaka ta sani sarai.

Na san abin da ta yi ba daidai ba ne, cutar da Musulmi ce da gangan, an lulluɓe ta da faifai. Duk sallah ina roƙa mata gafara. Sai dai shinkafar fadamar nan ce ta kai ni sakandare, ita ta aurar da ni. Ranar Layya, in na ɗora wuƙa a kan hanta, ina jin muryarta tana cewa shina kuka shina ci. Nakan yi istigfari, amma Allah Ya sani, murmushin ne ke riga istigfarin zuwa.