Kati Biyu a Kwamfutar Yaya

Shagon intanet ɗinmu yana bayan tasha ne a Mubi. Mu biyu muka buɗe shi, ni da wani abokina mutumin Michika. Ya girme ni sosai, shi ya sa nake ce masa Yaya. Shi ya san aikin, ni nawa tarbar mutane da buga takardu.

A ƙarƙashin teburinsa akwai wata tsohuwar kwamfuta mai katin sadarwa biyu. Wayar da ta sauko daga farantin tauraron ɗan'adam na kan rufi tana shiga katin farko, wata kuma ta fita daga na biyu ta raba intanet ga sauran kwamfutocin shagon. In wuta ta ɗauke, wani lokaci sai lambobin katunan su rikice, sai an sake shigar da su.

Yakan ce, "Kowane kati da adireshinsa. Na waje, masu ba mu intanet ne suka ba mu lambarsa, kada ka canza. Na ciki mu ke zaɓa. In ka sa su a layi ɗaya, saƙo ba zai san ta inda zai fita ba."

Na ce, "Yaya, ai kana nan, me zan yi da wannan?"

Tashi ya yi ya zaunar da ni a kujerarsa, ya tsaya a kaina har na iya.

Shekarar da mahara suka shigo gari ya watse, ni na gudu Yola, shi ya hau duwatsun garinsu da iyalinsa. Yana da ciwon suga, can kuma babu magani. A can aka binne shi.

Da na dawo na tarar an ɓalle ƙofa, an kwashe komai har da farantin. Tsohuwar kwamfutar kaɗai suka bari. Matarsa ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ta ƙi shiga. Ta ce, "Baban yara ya ce ka ci gaba."

Na samo modem, wato ƙaramar na'urar kamo intanet, da 'yan kwamfutoci na hannu, na zauna na ba kowane kati adireshinsa. Nan take intanet ya kama. Na daɗe zaune ina kallon allon, babu wanda zan gaya wa.

Mutane ba su dawo ba. Ɗaliban da ke cika mana shago kowa ya koma wayarsa. Damina na wucewa na mayar wa mai gida makullinsa. Tela ne a wurin yanzu.