Sawun da Kaltumi ta Ɗiba

Kaltumi mai ƙosai ce a unguwar Gwange da ke Maiduguri, kuma shekara ashirin ba ta taɓa kiran sunan ɗanta Mukhtari ba, domin ɗan fari ne. "Wannan" take ce masa, yana amsawa.

Ubansa marini ne, har yadin kanti ya fara zuwa da launinsa. Ya rasu ya bar wa yaron ramukan rini uku da kwaɗin da ke ciki. Mukhtari ya shiga leburancin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. A 1964 jirgi ya iso Maiduguri, aka yi kiɗa, aka yi jawabi, aka sallami leburori. Ya zaga ofisoshi, ko'ina sai a tambaye shi ɗan wane ne.

Sai ga Alhaji Bala, wani ƙaton mutum mai kai samari Sudan tsinkar auduga ta ɓarauniyar hanya, ba fasfo, ba katin allura. Cikin waɗanda ya kwasa daga Gwange, biyu aka sake jin labarinsu, ɗaya ma ta'aziyya ce.

"Inna, ran Litinin za mu tashi da Alhaji," in ji Mukhtari.

"Wa ya tambaye ka?" in ji ta, tana juya ƙosan da ya riga ya ƙone.

Kunya ba ta bar ta ta hana shi ba. In ya zauna ma, me zai ci? Amma Saude, maƙwabciyarta, ta ce a ɗebi ƙasar sawun ƙarshe na matafiyi a ƙulle, dole ya dawo.

Ranar ta bi su daga nesa har bayan Kasuwar Litinin, ta laɓe jikin buhunan gero. Samari tara, Alhaji na goma. Mukhtari ya waiwayo, ta yi maza ta sunkuyar da kai kada a ce ta rako shi. Kafin ta ɗago, ya hau mota.

Mota na tashi ta ruga. Sawu goma, duk takalmin taya, har na Alhaji, wanda kan yi shigar talaka saboda 'yan sandan iyaka. Ga mai amalanke ya nufo wurin.

"Iya, kauce! Kasuwar ta gidanku ce?"

Ta zaɓi mafi zurfi, ta ɗebi ƙasarsa ta ƙulle a bakin zane. Wanda ya fi jinkirin ɗaga ƙafa, ai shi ne nata.

Magani kuwa ya ci. Kowace shekara Alhaji Bala yana dawowa lafiya lau, har da ƙarin ƙiba.

A shekara ta biyar ta tare shi a bakin mota.

"Alhaji, ina wannan?"

"Wanne, Iya? Ai suna da yawa. Faɗi sunansa."

Ta dubi jama'a, sannan ta faɗa.

"Mukhtari."

Alhaji ya sosa ƙeya, ya ce gaskiya bai tuna ba. Kaltumi ta kwance ƙullin daga bakin zanenta, ta zazzage masa ƙasarsa a ƙafa.