Telan da Ke Ɗinka wa Ango Riga a Juye

Kullum da safe Baba Tela yakan share shagonsa, ya ɗiga wa keke mai, sannan ya tsince ƙyallaye masu laushi ya zuba a wani kwando daban. Kwandon nan na karen maigadin layinmu ne.

Da cutar gado aka haifi karen. Fatarsa ba ta da ƙwari, ko ƙaya ta taɓa shi sai ta yage kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Mai shi ya watsar da shi a bola. Rashin imani ne wannan, ba zan sa masa wani suna ba. Maigadi, tsohon da ba shi da kowa, shi ya tsince shi. Likitan dabbobi bai ɓoye masa komai ba: babu magani, kada a bari ya yi barbara, kuma in ba a rufe masa jiki ba, raunuka za su kashe shi.

Da maigadi ya shiga neman mai ɗinka wa karen riga, teloli suka yi ta korarsa. Baba Tela ya karɓa. Rigar farko ta yi ɓarna, domin bakin ɗinkin ya goge haƙarƙarin karen har jini. Sai ya juya ɗinkin waje, laushin ya koma ciki, ba maɓalli, ba zif.

A gabana wanzamin layin ya ce masa, "Baba, tsufa ya kama ka, ɗinki a juye?"

Ya ce, "Ɗana, da haka aka yi wa wandonka, da ka huta da susa a gaban jama'a."

Saboda yawan sabuwar riga aka raɗa wa karen Ango. Wasu kuwa suka kwashe yadudduka, wai ba sa haɗa tela da kare. Allah Ya shirye su.

Baba, kai ne ka durƙusa kana auna ƙirjin dabbar da ba za ta taɓa ce maka sannu ba. Kai ne ka hana tsoho zaman kaɗaici. Karen da muka yanke wa ƙauna, yau ga furfura a bakinsa. Mun gode. Allah Ya saka.

Yanzu ido ya gaza, zare ya daina shiga allura, Baba zai rufe shago. Jiya maigadi ya tambaye shi, "Yaya, in wannan rigar ta mutu fa?"

Telolin layi, da ku nake. Kwandon yana nan, Baba ya ce zai kama hannunku ya nuna muku. Kada ku ce sai gobe. Rigar Ango ta fara sakewa a kafaɗa.